Tsohon Baho a Ƙarƙashin Shawa

Duk wanda ya taɓa gina gida da albashin wata-wata zai shaida cewa ɗakin da ya fi kowanne ƙanƙanta shi ne ya fi kowanne cin kuɗi. Banɗaki nake nufi. Mutum zai yi shekaru yana tara bulo, ya kai ginin linta, ya yi rufi, ya yi filasta, har ya fara jin ya kusa hutawa. Sai mai aikin famfo ya miƙo masa takardar kayan da za a saya, tun daga tayil da bututu har masai da kan shawa da tankin sama, ya ga ashe yanzu aka fara. Yawancin waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan da ya biyo baya, farashinsu ya fi ƙarfin ma'aikaci. Wannan ne ya sa mutane da dama suka koma duba ɗakin shirgi, ko za a dace da wani tsohon abu da zai toshe wata kafa.

Cikin irin wannan dube-dube ne wata tambaya ta taso, wadda abokan aikina fiye da uku suka yi mini bayan sun ga banɗakin tsakar gidana: shin tsohon bahon ƙarfe, irin mai ruwan toka da hannu biyu wanda iyayenmu mata suka yi mana wanka a ciki, zai iya maye gurbin abin nan da masu kayan banɗaki ke kira tiren shawa, wato farantin da mutum ke tsayawa a kai ruwa na zubo masa daga sama? Tambayar ta yi kama da ƙarama, amma a cikinta akwai kuɗi, akwai ruwa, akwai kuma lafiyar tsoho da ran yaro. Na ga ya dace in amsa ta a wannan fili, domin na kusa shekara ashirin ina koyar da ilimin sinadarai a jami'a, kuma shekara biyu ke nan ni da 'ya'yana maza muna wanka a cikin irin wannan baho.

Bahon na mahaifiyata ne, yana cikin kayan da aka kai ta ɗaki da su, don haka ya girme ni. A cikinsa aka surka mata ruwan wankan jego na haihuwa bakwai, a cikinsa aka cuɗe mu da soso da sabulun salo, kuma a cikinsa aka yi wankin gidanmu har zuwa lokacin da bahon roba ya cika kasuwa. Da na auna shi, tsawonsa santimita 120 ne, faɗin bakinsa 60, zurfinsa 35. Ginin gidana da ke gefen birnin Kano ya ci shekara bakwai, ya tsaya cak a yajin aikin jami'o'i na wata takwas a 2022, kuma da muka tare banɗakin tsakar gida ba shi da komai sai daɓen siminti da kan shawa. Da na ce a kawo bahon Hajiya a sa a ciki, uwargida ta dube ni ta ce, "Haba Malam, fisabilillahi a sabon gida? Baƙi su shiga su ce me?" Mai aikin famfo kuwa abin bai dame shi ba. Ya ce, "Dokta, ai wannan ba wani aiki ba ne. In huda gindinsa, in sa masa rariya, in zuba siminti in kama shi, shi ke nan kun huta." Ban yarda da shawararsa ba, kuma dalilin ƙin yardar shi ne ginshiƙin wannan rubutu.

Kafin a yanke wa baho hukunci, ya kamata a san da me aka yi shi. Turawan Ingila, waɗanda daga harshensu muka aro kalmar baho, suna kiransa da sunan kuza, wato ƙarfen nan da aka daɗe ana haƙa a tsaunukan Jos. Sunan kuskure ne da ya bi baki. Da kuza ake shafe gwangwanin madara da na tumatir, shi kuwa baho baƙin ƙarfe ne da aka tsoma a narkakkiyar tutiya, daidai da kwanon rufi da bokitin ƙarfe. Tutiya tana narkewa a zafin da ya kai kimanin digiri 420, ana kuma tsoma ƙarfen a cikinta a wajen digiri 450, ya fito sanye da riga mai sirantaka ƙwarai. Wani injiniyan Faransa mai suna Stanislas Sorel ne ya yi wa wannan dabara rajista a shekarun 1830. Hikimar da ke ciki ita ce tutiya ta fi ƙarfe saurin ciwuwa, saboda haka idan ruwa ya taɓa su tare, ita ce ke fara ƙarewa, ƙarfen ya tsira. Ko an ɗan ƙarce rigar, tutiyar da ke gefen ƙarcen takan ci gaba da kare wurin. Ke nan rayuwar baho daidai take da rayuwar rigarsa. Ranar da tutiya ta ƙare, ranar tsatsa ta samu shiga, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai wani sharaɗi da mutane ba su cika sani ba. Ita kanta tutiyar tana buƙatar iska. Idan ta jiƙe ta bushe, ta sake jiƙewa ta sake bushewa, takan haɗu da iskar da muke fitarwa a numfashi ta yi wata fata mai duhun toka wadda ruwa ba ya narkar da ita cikin sauƙi. Wannan fata ce ke ba tsohon baho launinsa, ita ce kuma ke sa ya yi shekara hamsin. Idan kuwa aka bar tutiya cikin laima dare da rana inda iska ba ta ratsawa, fatar ba za ta samu ba, sai wani farin gari mai kama da alli ya tsiro a kanta, wanda ake kira farar tsatsa, ya cinye ta cikin ɗan lokaci. Duk wanda ya taɓa barin bandir ɗin kwanon rufi a jingine ruwan sama ya shiga tsakanin fallayen ya ga wannan farin gari da idonsa.

A nan ne ilimin aji ya haɗu da na tsakar gida. Hajiya ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin sinadaran nan ba, amma tun muna yara dokarta guda ce: ba a barin baho ya kwana da ruwa. Ana gama aiki a zubar, a ɗauraye, a kife shi a jikin bango ya sha iska. Ranar da aka zo ɗaukar bahon, da yake ni ɗan fari ne ba ta kama sunana, uwargida ta fuskanta ta ce, "Ki gaya wa maigidan naki, in dai zai bar shi da ruwa ya kwana, gara ya bar mini abina." Haka matan Ingila suka yi da nasu. A gidajen ma'aikata da masu haƙar kwal, baho a rataye yake a ƙusa a bangon tsakar gida, sai daren wanka a sauko da shi gaban murhu, a cika shi da ruwan zafi, 'yan gida su shiga ɗaya bayan ɗaya, a zubar a mayar da shi marataya. Har ƙidayar 1951, fiye da kashi ɗaya bisa uku na gidajen Ingila ba su da kafaffen wurin wanka, da irin wannan baho suke rufa wa kansu asiri. A can da nan, abin da ya raya baho shi ne al'adar da ke tafe da shi, ta zubarwa da kifewa.

To, mai karatu ya dubi abin da shawarar mai aikin famfo za ta haifar. Da zarar an huda gindin baho, an buɗe baƙin ƙarfe tsirara a daidai inda duk ruwan wanka zai bi, dare da rana. Idan aka ɗaura rariyar tagulla ko ta jan ƙarfe a wurin, an ƙara wa wuta fetur, domin haɗuwar tutiya da jan ƙarfe a cikin ruwa takan zama kamar ƙaramin batir, kuma tutiyar ce ke biyan kuɗin wutar da jikinta. Idan aka kira mai walda ya liƙa bututun, zafin zai ƙone rigar da ke kewaye, ga hayaƙin tutiya mai sa zazzaɓi ga wanda ya shaƙa. Sannan a zo ga siminti. Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na toka mai ƙarfi, yana cin tutiya tun kafin ya bushe, bayan ya bushe kuma yana riƙe laima a ƙarƙashin bahon, inda ido ba ya gani, hannu ba ya kaiwa, iska ba ta shiga. Wani maƙwabcina ya bi wannan hanya da nasa bahon. Daga sama yana nan fes, amma kafin damina ta uku ruwa ya fara tsattsafowa ta gindin bango, da aka fasa simintin aka tarar gindin ya zama kamar rariyar tankaɗe. Kuɗin fasawa da gyaran bango ya fi kuɗin tiren da ya guje wa saya. Araha ba ta ado.

Matsala ta biyu ta siffa ce. Tiren shawa ana ƙera shi da gangare, kimanin santimita 2 a kowace mita, domin ruwa ya gangara rariya da kansa. Gindin baho kuwa shimfiɗaɗɗe ne, kuma tsufa ya sa masa 'yan lotsawa nan da can, ga haɗin da ke zagaye da gefensa. Ko an huda shi, ruwa zai riƙa kwanciya a waɗannan lunguna tare da dattin sabulu. Bayan haka, an yi baho ne domin a zauna a ciki ko a jiƙa kaya, inda nauyi ke bazuwa ko'ina. Yawancinsu suna da wani zobe a ƙasa da ke ɗaga gindin daga daɓe da ɗan yatsa ɗaya ko biyu. Idan ƙato mai kilo 75 ya tsaya, duk nauyinsa ya taru a tafin ƙafa biyu a kan fallen ƙarfe da babu abin da ya tokare shi, gindin zai riƙa lotsawa yana dawowa, kullum kaɗan-kaɗan, har haɗin gefen ya buɗe. Kuma faɗin ya yi kaɗan. Tiren da aka saba sayarwa yakan kai santimita 80 ko 90 a kowane gefe, nawa bahon kuwa faɗin gindinsa bai kai 45 ba. Ruwan da ya daki kafaɗa ba ya tambayar inda bakin baho yake, fallatsa yake yi ko'ina.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ke rushe lissafin mai neman sauƙi. Wanda ya sa baho domin ya tsere wa kuɗin gyaran daɓe bai tsere ba, tun da dole ne daɓen ya zama mai gangare, mai rariya, wanda ruwa ba ya ratsawa, ko da baho ko babu. Rariyar kuma tana buƙatar bututu mai faɗin milimita 40 ko 50, da gwiwar nan mai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa domin ta hana wari da kyankyasai dawowa daga kwata. Wanda ya yi duk wannan ya riga ya samu wurin wanka, ko da siminti zalla ne. Saboda haka idan tambayar ita ce ko baho zai zama kafaffen tire ya rage kuɗin gini, amsata a'a ce, kuma ba na shakka a kanta.

Me ya sa, to, nake wanka a cikinsa? Saboda amfaninsa yana wani wuri dabam, kuma a ƙasa irin tamu wannan wurin ya fi kuɗin tire muhimmanci. Tire aikinsa ya sallami ruwa ya tafi, baho kuwa aikinsa ya riƙe shi. Unguwarmu famfo bai iso ta ba. Ko dai a tayar da janareta a ja ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki, ko a sayi jarka daga 'yan ga-ruwa, kuma ko wanne aka bi, kowace lita da kuɗinta. Kan shawa irin wanda dokar Amurka ta 1992 ta ƙayyade yana iya zubar da lita tara da rabi a minti guda, wato wankan minti biyar ya kusa cinye jarka biyu masu lita 25. Namu na gida bai kai haka ba, domin ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa, kuma tankin da ke mita uku a saman kai ba ya tura ruwa da ƙarfi sosai. Duk da haka na auna da bokiti mai alama, na ga kowane ɗayanmu yana barin lita 20 zuwa 25 a cikin bahon. Mu huɗu ne, ni da samari uku, ke nan kusan lita 90 a yini, sama da jarka uku. Masai na zamani yana shan lita 6 zuwa 9 a kowace kora. Da ruwan da a da zai bi kwata ya tafi, yanzu muke kora masan gidan gaba ɗaya, ragowar kuma a zuba wa darbejiya da zogalen da ke bakin katanga.

Wannan ba dabarar talaka kaɗai ba ce. A farkon 2018, lokacin da fari ya kusa ƙafar da madatsun ruwan birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini daga ranar 1 ga Fabrairu, kuma masu kuɗi da talakawa suka koma tsayawa a cikin baho da bokiti a ƙarƙashin shawa, suna tara ruwan domin kora masai. Tarihin shawar zamani ma kanta da baho ya fara. Irin waɗanda aka ƙera a Ingila kimanin shekara 200 da suka wuce, tanki ne a kan dogayen ƙafafu, da baho a ƙasa, da famfon hannu da ke mayar da ruwan sama ya sake zubowa. A 1872 kuma wani likitan gidan yari a birnin Rouen na Faransa, Merry Delabost, ya kafa wa fursunoni shawa ta jama'a domin a wanke mutane da yawa da ruwa kaɗan cikin ɗan lokaci. Domin tsimi aka ƙirƙiro shawar zamani. Daga baya ne ta zama wurin da mutum ke tsayawa yana tunanin duniya ruwa na tafiya a banza. Mu kuwa da muka tashi da bokiti da moɗa, kuma muka san cewa Annabi (SAW) yakan yi wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar na ruwa, wato 'yan litoci kaɗan, bai kamata a ce sai wani ya koya mana darajar ruwan da ya sauka daga jikinmu ba.

Akwai kuma wani amfani da ban yi zato ba sai da na gani. Baho ma'auni ne. Yaron da ke wanka a kan tayil bai san nawa ya zubar ba, domin ruwan yana ɓacewa nan take. Wanda ke tsaye a cikin baho yana jin ruwan na hawa daga tafin ƙafa zuwa idon sawu, kuma ya san shi ne zai kwashe shi da bokiti idan ya gama. Ban taɓa yi wa samarina huɗubar tsimin ruwa ba, amma cikin wata guda suka koyi rufe famfo yayin da suke saɓa sabulu.

Ga yadda na tsara abin, ga mai son gwadawa. Daɓen siminti ne mai gangare zuwa rariya, an shafe shi da maganin hana ruwa ratsawa. Bahon ba a huda shi ba, ba a kafe shi da komai ba. A ƙarƙashinsa akwai faifan roba mai kauri da aka yanka daidai cikin zoben gindin, ya tokare fallen domin kada ya lotsa, ya kuma kashe ƙarar, domin ruwan shawa a kan baho marar matashi kamar ruwan sama ne a kan kwanon rufi, mai barci a ɗakin kusa sai ya farka. A cikinsa akwai tabarmar roba mai kama ƙasa saboda santsi. Labule yana rataye a zagaye, gefensa na ƙasa yana faɗawa cikin bahon. Wanda ya gama wanka zai kwashe ruwan da bokiti zuwa wani duro mai murfi, tun da lita 25 kilo 25 ce, ba a kinkimar baho da ruwa a ciki, sannan ya ɗauraye shi ya kife a bango, ya rataye robobin biyu. Ba a wanke shi da ruwan wankin masai mai asid, ko da bilic, domin dukansu suna cin tutiya; sabulu da soso mai laushi sun isa. Bayan shekara biyu, na duba gindinsa a makon jiya, babu ɗigon tsatsa.

Sai dai akwai wuraren da ba na sassauci, kuma ina roƙon mai karatu ya ba su muhimmanci fiye da duk abin da ya gabata. Na farko wutar lantarki. Ƙarfe da ruwa da ƙafa babu takalmi, wannan ita ce hanya mafi sauƙi da wuta mai ƙarfin bolt 230 za ta bi ta jikin mutum. Gidajenmu da yawa an ja musu waya ba tare da ingantacciyar wayar da ke kai wuta ƙasa ba, balle na'urar da ke katse wuta da zarar ta ji yoyo. Banɗakin da ke da hitar bango, ko soket, ko wata waya a buɗe, bai dace da bahon ƙarfe ba har sai ƙwararren mai aikin wuta ya duba ya tabbatar. Ita kuwa hitar nan da ake tsomawa a bokiti, kada a kusantar da ita ko kaɗan. Nawa banɗakin ƙwan fitila ɗaya ne a can sama, makunninsa a waje. Da hunturu a murhu ake dafa ruwa a kawo.

Na biyu tsofaffi da masu juna biyu da marasa lafiya. Shiga baho yana nufin ɗaga ƙafa santimita 35 a tsaya da ɗaya a kan jiƙaƙƙen wuri, fita kuma ta fi shiga haɗari, da sabulu a ido. Faɗuwar tsoho a banɗaki takan ƙare da karayar ƙugu, kuma da yawa ba sa sake miƙewa daga ita. Idan Hajiya ta zo mana kwana biyu, ɗakinta yana da banɗaki mai shimfiɗaɗɗen daɓe da kujera 'yar tsugunno da maƙalin hannu a bango. Bahon nata ne, amma ba ta shiga shi. Na uku ƙananan yara. Yaro mai rarrafe ko mai tatata yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce zurfin ɗan yatsa ba, kuma ba ya ihu, ba a jin komai. Wannan kaɗai ya isa ya sa dokar Hajiya ta zama doka: baho ba ya zama da ruwa ko na minti goma, duron tarawa kuma da murfi mai nauyi, ƙofar banɗaki da sakata a sama.

Shi ma ruwan da aka tara yana da ƙa'ida. Ruwan wanka ba ya wuce yini guda a ajiye, domin ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a cikinsa ya fara wari, sauro kuma ya samu wurin ƙwai. Ba a sha, ba a girki, ba a zuba wa latas ko kabeji ko duk ganyen da ake ci ɗanye, kuma tsofaffin bahuna da yawa an liƙe haɗinsu da dalma, wadda guba ce. Idan wani a gida yana gudawa, ko ana fama da amai da gudawa a unguwa, a bar ruwan ya bi rariya. Ta fuskar tsarki kuma, mai wankan ibada ya fara yin tsarkinsa a waje, kada najasa ta shiga ruwan da zai tsaya a ciki, sannan ya wanke ƙafafunsa bayan ya fito, kamar yadda ya zo a hadisin Nana Maimuna cewa Annabi (SAW) ya gusa daga inda ya yi wanka sannan ya wanke ƙafafunsa.

Saura maganar uwargida, ta abin da baƙi za su ce. Ban raina ta ba, domin gida na mace ne, kuma ita ake kallo idan an ga abin da bai dace ba. Mun rabu a kan cewa banɗakunan cikin gida za su samu tayil kamar na kowa, na tsakar gida kuma ya zauna da bahonsa. Abin da na lura shi ne kunyar da muke ji game da irin waɗannan kaya ba ta da alaƙa da amfaninsu. Mun sayar wa 'yan jari-bola bahunan iyayenmu a kan kuɗin da bai sayi kwanon shinkafa ba, muka sayi na roba da rana ke busarwa ya tsage cikin shekara biyu, alhali a Turai yanzu irin waɗannan bahuna a shagunan kayan tarihi ake sayar da su, ana dasa furanni a ciki. Ban ce kowane tsohon abu alheri ne ba. Bahon da ya riga ya yi jan tsatsa, ko wanda aka ɗaga shi a rana aka ga haske na ratsowa ta gindinsa, ko mai kaifin baki, ya gama aikinsa, a kai shi Kasuwar Ƙofar Ruwa ko a zuba masa ƙasa a shuka albasa. Wanda yake da sauran riga kuwa, a cika shi da ruwa a ɗora a kan busasshen siminti na awa guda. Idan ƙasan bai jiƙe ba, yana da sauran shekaru.

Shawarata ga abokan aikina da suka yi tambaya, da duk mai irin wannan niyya, ita ce ya fara gyara daɓensa kamar babu baho a duniya, sannan ya tambayi kansa ko a gidan akwai wanda zai riƙa kwashewa da kifewa kullum ba fashi. Idan akwai, ya sa bahon, zai rage masa jarka uku a yini, ya kuma koya wa 'ya'yansa abin da baki ba ya koyarwa. Idan babu, ya bar wa tsohuwa kayanta a inda ta kife shi, domin a can zai fi daɗewa. Allah Ya ba mu ikon gane darajar abin da ke hannunmu, Ya kuma sa albarka a ɗan abin da muke samu.